Waƙoƙin ibadar Bach da kayan kiɗan zamaninsa: tsirarun mawaƙa ko taron jama'a?

Yakubu (Holan):
Salama gare ku 'yan'uwa. Tambayata ga masu koyar da kwaya ce, musamman Baba Ishaya. A makon Ista na je Naarden, wani ƙaramin gari mai ganuwa kusa da Amsterdam, inda Ƙungiyar Bach ta Holan ke rera Shan Wahalar Yesu bisa ga Matiyu a babbar majami'ar garin. An kafa ƙungiyar a 1921, suka fara rerawa a wurin a 1922. Aikin Johann Sebastian Bach ne, wanda aka fara ji a Leipzig ta ƙasar Jamus a 1727. Sura 26 da 27 ne na Bisharar Matiyu, aya bayan aya, da waƙoƙin bimbini a tsakani, kusan awa uku.

Mawaƙan ko rabin kwayar ikilisiyarmu ta gida ba su kai ba, ga shi an raba su gida biyu, kowane gida da makaɗansa. Babu makirufo, babu lasifika. Tsirkiyar biyolin ɗinsu ta hanjin tumaki ce, sarewarsu ta itace, mai babban gogen nan kuwa a tsakanin ƙafafunsa ya maƙale shi, ba sandar ƙarfe a ƙasa. Duk da haka ina can baya nake jin kowane baƙi da wasali yana fita daga bakinsu. Shin wannan ya fi dacewa da waƙar, ko kuwa son tsohon kaya ne kawai irin na mutanen nan? Wanda ke son gani ya nemi All of Bach a YouTube, kyauta suke sa ayyukansu tun 2014.

Baba Ishaya (kwayamasta):
Ɗana Yakubu, sannu da ƙoƙari, Allah ya taimaka da karatu. Na sa jikata ta buɗe mini, na saurara. Muryoyinsu a goge suke, ban musa ba. Amma ban yarda cewa hakan ya fi ba. Mu nan duk Kirsimeti da Haleluya ta Handel muke tashi, da solfa muke koya, do-re-mi a kan allo tun watan Oktoba. In mutum sittin suka buɗe baki tare, ginin kansa amsawa yake yi, tsofaffi su miƙe tsaye ba wanda ya ce su miƙe. Yabo na jama'a ne. Kuma na taɓa karantawa cewa Bach ɗin da kansa ya yi ta kukan ƙarancin mawaƙa. Rashin uwa ake uwar ɗaki. Abin da mutum ya yi don dole ba za a zo bayan shekara 300 a mayar da shi doka ba.

Malama Rifkatu:
Baba, ina gaisuwa. Takardar da kake nufi tana nan, Bach ya rubuta wa majalisar garin Leipzig ita a watan Agusta 1730. Yaran kwana na makarantar Thomas, inda Bach ke koyarwa, su 55 ne, kuma majami'u huɗu suke yi wa hidima, don haka gida huɗu ake raba su ranar Lahadi. Ya kasa 54 daga cikin yaran uku: 17 da za a iya aiki da su, 20 da ba su nuna ba tukuna, 17 da ya ce ba su da amfani a waƙa sam. Sai ya faɗi abin da yake buƙata: aƙalla mutum uku a kowace murya, sofrano, alto, teno da bas, in da hali huɗu.

To ka duba, Baba. Ko da an ba shi duk abin da ya roƙa, kwayarsa mutum 16 ce. Mutumin da ke kuka bai nemi 60 ba. Wato kunnensa a kan ƙaramar ƙungiya yake rubutu, ko a ranar wadata.

Akwai ma waɗanda suka wuce nan. A 1981 wani masani Ba'amurke, Joshua Rifkin, ya ce ya duba takardun da mawaƙan Bach suka riƙe a hannu, waɗanda suka tsira, ya ga yawanci kwafi ɗaya ne ga kowace murya. Ya ce to mutum ɗaya ne ke rera kowace murya, ukun nan na takardar 1730 jerin sunaye ne don in ɗaya ya kwanta rashin lafiya a sami madadi. Masu ja da shi suka ce yara uku na iya duba takarda ɗaya. Har yau ba a rufe wannan gardama ba, amma tsakanin 4 da 16 ake yin ta.

Baba Ishaya (kwayamasta):
Mutum ɗaya a murya ɗaya ai ba kwaya ba ce, 'yata. Wannan mutum huɗu ne suka tsaya.

Dauda Kibod:
Ni tawa tambayar daban ce. Na ɗauko kibod ina bin su daga bidiyon, sai na ga ba mu haɗu ba ko kaɗan. Takarda ta ce wannan maɓalli ne, kunne ya ce na ƙasansa. Kibod ɗina ne ya lalace ko su ne?

Malama Rifkatu:
Lafiyar kibod ɗinka ƙalau, Dauda. Sautin "la" da ake daidaita kayan kiɗa da shi yau yana kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, a wani taro a Landan a 1939 aka tsayar da hakan. Masu kayan zamanin Bach kuwa galibi a 415 suke ɗaurewa, rabin mataki ƙasa. A zamanin Bach kowane gari da nasa, kai a Leipzig ɗin ma iri biyu ne cikin majami'a guda: ogan ya fi sauran kayan tsayi da mataki ɗaya cur, shi ya sa ake rubuta wa mai ogan takardarsa mataki ɗaya ƙasa don su haɗu. Rabin matakin nan ba ƙaramin abu ba ne ga maƙogwaro. Tambayi duk wata sofrano da ta taɓa hawa can sama.

Hannatu:
Gaskiya ne Malama, mu muka sani. In aka zo wajen hawa sai ka ga rabinmu sun koma ihu.

Amma ni abin da ke damuna wani ne. A bidiyon na ga mata suna rerawa. Ai an ce a majami'un Leipzig na lokacin mata ba sa waƙa a kwaya, yara maza ne ke ɗaukar sofrano. To in da gaske ake son komawa yadda aka yi, me ya sa aka koma ga hanjin tumaki aka bar wannan? Ba wai ina so a kore mu ba ne. Ina nufin zaɓe suke yi, su ɗauki wanda ya yi musu, su bar wanda bai yi ba, sannan a ce mana wannan shi ne asali.

Yakubu (Holan):
Hannatu, wannan kam kin taɓo wurin.

Malama Rifkatu:
Ta taɓo. An ma gwada yin yadda take faɗa. Nikolaus Harnoncourt da Gustav Leonhardt sun naɗi dukan kantatun ibada na Bach, wato waƙoƙin da ya shirya don sujada, daga 1971 zuwa 1990, kusan 200, kuma yara maza suka sa a sofrano, har da wuraren da mutum ɗaya ke rerawa. Wasu wuraren sun yi kyau har su sa ka hawaye, wasu kuma kana jin yaron yana fama. Dalili shi ne muryar yaro a lokacin Bach takan kai shekara 16 ko 17 kafin ta fashe. Shi kansa Bach yana da 15 yana rera sofrano a Lüneburg. Yaro mai 16 yana da faɗin ƙirji, ya shekara takwas yana waƙa kullum. Na yau yana da 13 muryar ta tafi. Wannan abu ne da ba maƙeri ko masassaƙin da zai dawo da shi. Shi ya sa yawancin ƙungiyoyin suka ɗauki mata masu siririyar murya madaidaiciya, marar yawan karkarwa. Ni ban ga laifi ba, muddin ba su ce abin da Bach ya ji ke nan tsaf ba, kuma masu hankalin cikinsu ba sa faɗin haka.

Malam Sani Zariya:
Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, ba na kwaya, amma kayan busa nake bi da kunne tun ina yaro a bakin fada. Na bi mahaɗin Yakubu na faɗa kan wani aikin nasu mai ƙaho. Na ga ƙahon ba shi da maɓallan nan uku na ƙahon 'yan sanda da sojoji. Bututu ne kawai a naɗe. Ai wannan ɗan'uwan kakaki ne. Mai kakaki ba shi da abin dannawa, leɓe da iska ne ke raba masa sauti, kuma sautukan da bututun ya yarda ya bayar su kaɗai zai samu. To yaya su suke fitar da waƙa cikakkiya daga ciki?

Malama Rifkatu:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Ka gane shi daidai, doka ɗaya ce ke aiki a kansu. A ƙasa sautukan bututu nesa da juna suke, amma in mai busa ya matse leɓe ya hau can sama, sai su matso kusa har su jeru do-re-mi. Saboda haka duk waƙar ƙahon Bach a sama take, inda busa ta fi wuya. Maɓallan sai bayan 1810 aka ƙirƙiro su, Bach ya rasu tun 1750. Yana da wani gwanin busa a Leipzig, Gottfried Reiche, wanda yawancin wuraren nan masu wuya dominsa aka rubuta. A Oktoba 1734 ya yi busa a wani biki da aka yi a waje da dare cikin hayaƙin jiniyoyin wuta, washegari ya faɗi a hanya ya rasu, yana da shekara 67.

Kuma ga ƙarin hujja ga Hannatu: yawancin masu busa irin wannan ƙaho yau suna huda ƙananan ramuka a jikinsa don gyara sauti da yatsa. Reiche ba shi da su.

Malam Sani Zariya:
Allah Sarki. Na gode Malama. Amma na lura ƙarar tasa ba ta danne mawaƙan ba, tana tafiya tare da su ne.

Yakubu (Holan):
Nan nake son zuwa, Malam Sani. A Shan Wahalar babu ƙaho ko ɗaya, babu ganga, tunda ranar makoki ce. Amma zancen bai canza ba: kayan ba sa danne magana.

Bari in faɗi abu biyu da na ji da kunnena. Duk inda Yesu ke magana, masu biyolin sukan riƙe dogon sauti a hankali a kewaye da muryarsa. Bitrus ba ya samun wannan, Bilatus ba ya samu, shi kaɗai. Ka saba da shi har ka daina lura. Sai a kan gicciye, da ya ɗaga murya ya ce Eli, Eli, lama sabaktani, na ga masu biyolin duk sun sauke hannu, bakansu a kan cinya. Ogan da babban goge kawai suka rage a ƙarƙashinsa. An yashe shi, kuma ka ji an yashe shi. Tsirkiyar hanji tana da wani ɗan kaushi mai ɗumi, ba ta ƙyalli kamar ta ƙarfe, shi ya sa take iya zama a bayan muryar mutum ɗaya ba ta rufe shi ba.

Na biyu, tsakanin ihun jama'a na farko cewa a gicciye shi da na biyu, akwai waƙar sofrano ɗaya da ke cewa don ƙauna Mai Cetona zai mutu. Sarewar itace ɗaya ce tare da ita, da wasu kayan busa biyu masu lanƙwasa, an naɗe su da fata, bakinsu na tagulla. Babu ogan, babu goge, babu komai a ƙasa. Sarewar tana da taushi har kana jin numfashin mai busa. In ka kawo ƙungiya mai mutum ɗari biyu, ihun da ke gaba da baya zai yi girma, amma wannan tsakiyar za ta zama kamar wani abu daban da aka manna.

Malama Rifkatu:
Masu lanƙwasar nan su ake kira obo da kaca. Sun ɓace daga duniya bayan zamanin Bach har masana suka rasa kamanninsu, ana sa wani abin busa a madadinsu. Sai a farkon shekarun 1970 aka gane wasu a gidajen ajiye kayan tarihi, aikin wani maƙerin Leipzig mai suna Eichentopf, aka sassaƙa sababbi a kansu. Wannan ita ce amsata ga mai cewa son tsohon kaya ne. Mutum ya rubuta waƙa don wani sauti takamaimai, an yi kusan shekara 200 ba wanda ya ji shi.

Dauda Kibod:
To ina manyan kwayoyin suka samo asali, in ba haka aka fara ba?

Malama Rifkatu:
Daga baya ne. Bayan rasuwar Bach an ajiye Shan Wahalar, sai a 1829 Felix Mendelssohn, yana ɗan shekara 20, ya tashe ta a Berlin. A zauren kiɗa ya yi, da mawaƙa sama da 150, ya yanke wani babban kaso, ya musanya kayan busan da babu su. A Amsterdam kuma Willem Mengelberg ya mayar da ita al'adar shekara-shekara tun 1899, da babbar ƙungiya, a hankali ƙwarai, akwai naɗin 1939 ga mai son ji. Ƙungiyar da Yakubu ya gani don ta bambanta da wannan salon aka kafa ta, a mayar da waƙar cikin majami'a. Kayan da kuwa sai a shekarun 1980 suka koma gare su.

Haka labarin Handel, Baba. Da aka fara rera Almasihu, aikin da Haleluya ke cikinsa, a Dublin a Afrilu 1742, kwayoyin majami'u biyu aka haɗa, 'yan gommai kaɗan. Zauren ƙarami ne, har aka roƙi maza su bar takubbansu a gida, mata su bar faffaɗan siket don mutum 700 su shiga. A 1784 a Westminster an tara sama da 500, a 1857 a Landan mawaƙa 2,000. Wannan al'adar Ingila ta ƙarni na 19 ce, ita da solfa ɗinta, ta biyo 'yan mishan zuwa wurinmu.

Baba Ishaya (kwayamasta):
Na ji duka, kuma na ƙaru. Amma ku bar ni in yi tambaya ɗaya. Yakubu, da ka shiga majami'ar nan, tikiti ka saya ko ba tikiti ba?

Yakubu (Holan):
Tikiti na saya, Baba, kuma da tsada. Tun watanni kafin lokaci suke ƙarewa. Har ministocin ƙasar kan je ranar Juma'ar tunawa da mutuwar Yesu.

Baba Ishaya (kwayamasta):
An yi wa'azi?

Yakubu (Holan):
Ba a yi ba. Hutu aka yi a tsakiya.

Baba Ishaya (kwayamasta):
To ka gani. Malama za ta gyara ni, amma na san kashi biyu ne waƙar domin wa'azi na shiga tsakani. Mutanen Leipzig sujada suka je, ranar tunawa da mutuwar Ubangijinsu, waƙoƙin taron da Bach ya saƙa a ciki kuwa tun suna goye suka san su. An dawo da hanjin tumaki, an dawo da sarewar itace, an auna sauti da na'ura, amma babban abin da aka yi waƙar dominsa ba a dawo da shi ba. Yarana sittin da kibod ɗin Dauda, waɗanda suka taso daga gona da kasuwa suka zo koyo da fitilar waya, a ganina sun fi kusa da Bach ta wannan gefen. Wannan nake nufi tun farko, ban iya faɗinsa ba ne sai yanzu.

Malama Rifkatu:
Babu gyara, Baba, wa'azin yakan kai awa guda a tsakani. Kuma wannan ce magana mafi nauyi da aka yi a zauren nan. Sai dai ina ganin ita ma tana goyon bayan ƙaramar ƙungiya. In waƙar wa'azi ce, dole a ji kalmominta. A Leipzig har ɗan littafi ake bugawa na kalmomin kantatu, jama'a su saya su bi da ido. Bach yakan sa murya huɗu su shigo ɗaya bayan ɗaya, kowace da kalma ɗaya a lokaci daban, suna gudu. Mutum 16 za su iya furta wannan a ji. Mutum 150 sai dai a ja da baya a rage gudu, ko kalmomin su narke. Ba kuma duk masu kayan da ne suka raba shi da ibada ba. Masaaki Suzuki na Japan, Kirista ne mai bin ikilisiya, ya kafa ƙungiyarsa a 1990, ya naɗi kantatun daga 1995 zuwa 2013 a ɗakin sujadar wata jami'a a Kobe, da mawaƙan da yawancinsu Jamusanci ba harshensu ba ne, kuma kowace kalma tana fita.

Hannatu:
Baba, ni ina cikin sittin ɗin nan, bari in faɗa da ladabi. A Haleluya, inda muryoyi ke bin juna cewa zai yi mulki har abada, mu sofrano ba ma jin alto, alto ba sa jin teno, kowa ƙarfinsa yake gwadawa saboda lasifikar kibod tana kanmu. Mama ta taɓa tambayata bayan sujada me muke cewa a wurin. Ta san Turanci, amma ba ta kama ba.

Baba Ishaya (kwayamasta):
Wannan laifin koyarwa ne da na lasifika, ba na yawa ba. Sittin ma za su iya yin laushi in an hore su.

Malam Sani Zariya:
Ni dai daga waje nake kallo, amma kamar kowannenku wani abu yake karewa. Baba yana kare masu rerawa, Malama tana kare abin da ake rerawa.

Dauda Kibod:
Baba, in ka yarda mu gwada abu ɗaya ranar Alhamis. Waƙar taron nan da ke dawowa sau biyar a Shan Wahalar, mai maganar kan Yesu da aka yi wa rauni, muryarta ai mun san ta. Mu sauke ta rabin mataki, in kashe ganga da sautin biyolin na kibod, in bar ƙaramin ogan kawai, lasifika a ƙasa. Mutum 12 su fara, uku-uku, sannan duka su maimaita. Mu sa tsofaffi biyu su zauna a bencin baya su faɗa mana wanne suka fi jin kalmominsa.

Baba Ishaya (kwayamasta):
Na yarda a gwada. Amma ni zan zaɓi sha biyun, kuma ba gwanaye kaɗai zan ɗauka ba, don Bach ma da yaran makaranta ya yi aiki. Ranar Lahadi kuwa duka za su tsaya, ba zan zaunar da kowa ba. Malama, ki turo wa Dauda takardar mai murya huɗu, shi ya juya mana ita zuwa solfa kafin Laraba.

Malama Rifkatu:
Zan turo yau da dare, Baba. Sau biyar ɗin nan ba iri ɗaya Bach ya jera muryoyin ba, ta ƙarshe da ke zuwa bayan mutuwar Yesu ta fi wuya ga alto da teno. Ku fara da ta farko. Dauda, ka kula da bas a layi na uku, nan suka fi zamewa.